Sunan da Aka Ara wa Malam

Tudun Baraka, ƙasar Rogo
Satumba, 1955

Zuwa ga Kawu Malam Lukumanu, makarantar elementare ta Karaye.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Goggo Asma'u da yara, da fatan ciwon gwiwar nan da ke tasar maka da damina ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai surukata da ta yi kwana biyu tana masassara, ta kuwa tashi.

Kawu, ni ce Barira 'yar Maimuna ta Kurugu, wadda kai da ita kakanku ɗaya. Rabonka da ni tun ranar da aka kawo ni gidan miji, don haka kada ka yi mamakin rubutun, da hannuna na yi shi. Ajin Yaƙi da Jahilci na mata na shiga, Malam mijina kuma yana ƙara mini a gida. Yanzu duk ɗan littafin labarin da ya shigo Rogo sai ya kwana a ɗakina. Tuwo kam na sha ƙona shi.

Albishirinka! Malam ya ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. An ce bayan kaka za su tafi, En'e, wato hukumar sarki, ita ce za ta ɗauki nauyin komai. Tun da labarin ya zo nake ganin kaina a gidan sama mai tagar gilashi, da fitilar da ba ta shan kananzir, ina leƙen Malam yana wucewa da littattafai a hammata. Da gaske ne ana tafiya da mata? Da gaske ne a tebur suke cin abinci, wani yana tsaye yana zuba musu ruwa?

Matan unguwarmu kuwa sun sa ni gaba. Wata ta ce duk wanda ya ci abincin Gwamna ya zama nasa har abada, in yaƙi ya tashi shi za a fara turawa ƙetaren teku. Wata ta ce aske musu gemu ake yi, a hana su sallar asuba. Surukata kuka take yi a ɓoye. Kai ka san kan waɗannan abubuwa, ka rubuto mini abin da zan karanta mata.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Maigari Audu ya aika Kano an sayo akwatin ƙarfe da bargo da takalmi sau-ciki, kayan ɗan kwaleji sak. Muka share ɗaki muna jira, sai muka ga an wuce da su gidansa. Ɗansa kuma, mai awon gyaɗa, wanda bai taɓa tako ƙofarmu ba, yanzu kullum da la'asar yana zaurenmu, wai Malam ya koya masa sa hannu da boko. Ba ya son a koya masa baƙaƙe, sunansa kaɗai yake so ya iya. Na ce wa Malam ai abin ya zo da sauƙi tunda sunanku ɗaya. Bai yi dariya ba.

Goggo Khadijatu mai daddawa ce za ta kawo maka wannan ran kasuwar Karaye. A gaida mutan gida.

'Yarka,
Barira


Karaye
Oktoba, 1955

Zuwa ga 'yata Barira.

Bayan gaisuwa da sa albarka, takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai in hadari ya taso. Goggonki ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce in gaya miki ki riƙa sauke tukunya kafin ki buɗe littafi.

Gidan saman nan, ki sauko daga kansa tun ba ki faɗo ba. Ɗaki ne dogo, gadajen katako a jere. Ƙararrawa ce ke tashe su, su yi shara, su yi noma a gonar makaranta, su wanke kwanonsu da hannunsu. Masu iyali sai sun kwana biyu ake ba su ɗaki, shi ma in akwai. Abin da En'e ke yi ba kyauta ba ce, ba kuma bauta ba ce. Za ta ciyar da shi, ta ba shi ɗan abin sayen sabulu, shi kuma in ya gama ya koyar a makarantunta na wasu shekaru. Akwai masallaci, akwai liman, ba a kai kowa yaƙi. Ki karanta wa surukarki wannan a hankali.

Maganar akwati ce ta hana ni sukuni. Ke baƙuwa ce a Tudun Baraka, na ga alama ba wanda ya gaya miki. A shekarun baya, in hukuma ta ce kowane maigari ya kawo ɗansa makaranta, da yawansu ba sa kawo nasu, don tsoron irin maganganun da matan unguwarku ke yi har yau. Sai a kamo ɗan wani mara gata a ce ga ɗan maigari. Haka aka kawo mijinki Karaye yana ƙarami. Sunansa Tsoho ɗan Sulle, ubansa marigayi manomin gandun Maigari ne. Aka rubuta shi Gwadabe Audu. Da wannan suna ya gama elementare, ya yi midil, ya sami aikin koyarwa a Rogo, da shi kuma ya ci wannan jarrabawa. Ba sunansu ne ya zo ɗaya ba, Barira. Suna ɗaya ne mutum biyu ke amsawa.

Abin da mutanenmu suka kasa ganewa shi ne kwaleji ba sarauta ba ce da ake ba gida, in wa bai hau ba ƙane ya hau. A wajen Turawa gurbi na wanda ya zauna ya rubuta jarrabawa ne, ba na gidan kowa ba.

Ki buɗe ido da kunne, ki rubuto mini duk abin da kika gani. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Lukumanu


Tudun Baraka
Oktoba, 1955

Zuwa ga Kawu.

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu jiki lafiya, amma gidan ba lafiya.

Abin da kake tsoro ya faru. Maigari da kansa ya zo zaurenmu, shi da ɗansa. Ina bayan zana ina tsince wake, duk na ji. Bai kira Malam da sunan makaranta ba, da ɗaya sunan ya kira shi, ka san ni duka biyun ba na iya faɗa.

Maigari ya ce, "Gonar da uwarka ke ci, ta wa ce?"

Malam ya ce, "Taka ce, ranka ya daɗe."

"Dawar da ke ciki fa?"

"Tamu ce, da izininka."

"Ɗorawar da ke tsakiyar gonar, wa ke kaɗe ta?"

"Gidanka."

Ya ce, "Madalla, ashe boko bai cinye maka hankali ba. Suna na ba ka aro kamar yadda na ba ubanka gona. Albashin malanta dawa ce, ka ci, ban taɓa cewa ka ɗebo mini ko tiya ba. Kwaleji kuwa ɗorawa ce."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ko wasiƙa ba ya iya karantawa. Turanci ake yi a can daga safe har dare. Ba za a daɗe ba za su gane."

Sai ɗan ya yi tsaki ya ce, "Kai da aka kamo kana kiwon awaki ka iya, ni ne zan kasa? Ai shigar ce wuya. Na ji in an shiga zama kawai ake a ci shinkafa, lokaci ya yi a miƙo wa mutum takarda da babur. In an yi tambaya mai wuya sai in ce kaina ke ciwo."

Maigari ya ce, "Turawa na ɗaure kaya. Gobe mai takarda shi ne mai gari. Ba zan zauna ina kallo ɗan barana ya hau kan ɗana da sunan ɗana ba." Da ya tashi tafiya sai ya juyo ya ce, "Ka gaida tsohuwa. Ka ce mata na ga ɗakinta ya soma tsagewa, ina ta tunanin abin da zan yi da filin."

Tun ran nan Malam ba ya cin abin kirki. Ya tafi Rogo ya koyar, ya dawo ya zauna yana kallon garu. Na ce masa mu kai ƙara, ya ce, "Ƙarar wa, da sunan wa?" Ya juya mini baya.

Kawu, ni na karanta irin wannan ba sau ɗaya ba. A duk labarin da na sani, azzalumi yana cin kasuwarsa ne muddin mai mulki bai ji ba. Ranar da wani ya yi ƙarfin hali ya miƙe ya faɗi gaskiya a gaban sarki, ranar ake mayar wa kowa da nasa, mai kuka ya yi dariya. Baturiya mai duba ajin mata za ta zo Rogo kafin bikin Takutaha na bayan Mauludi, ni aka zaɓa in yi karatu a gabanta. Kai ka ce a wajensu gurbi na wanda ya rubuta jarrabawa ne. To ai abin da ya rage su san wanda ya rubuta.

Ban gaya wa Malam ba, na san zai hana ni don kunyar Maigari. In kana ganin da kuskure ka aiko da sauri. In na ji shiru na san ka sa albarka.

'Yarka,
Barira


Karaye
Oktoba, 1955

Barira,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Kada ki faɗa. Na sake cewa, kada ki faɗa wa Baturiyar nan komai. Ba ki fahimce ni ba, laifina ne da ban ƙarasa magana ba. Bature bai san mijinki ba, takarda ya sani, takarda kuwa Gwadabe Audu ta ce. Ranar da kika ce mijinki ba shi ne Gwadabe Audu ba, kin ce ke nan bai taɓa shiga aji ba, satifiket ɗinsa na wani ne, aikinsa ma na wani ne. Ba za su cire suna su sa suna ba. Sokewa za su yi gaba ɗaya.

Irin wannan magana a zaure ake kashe ta. Na ga wani dattijo na kusa da hakimi, ya yi mini alkawari bayan Takutaha za a kira Maigari a keɓe, a nuna masa in ɗansa ya je aka gane, rawaninsa ne zai tafi. Mutum ne mai son rawaninsa, zai janye. Ke dai ki yi karatunki a gaban baƙuwa, ki karɓi yabo, ki koma gida.

Goggo Khadijatu ba ta zo kasuwa ba wannan makon, don haka na ba wani ɗan aike da zai bi ta garinku. Da ta iso ki aiko mini ko da baki ne.

Lukumanu


Tudun Baraka
Nuwamba, 1955

Zuwa ga Kawu.

Gaisuwa da fatan an yi Takutaha lafiya, da Goggo da yara. Mu ma mun yi lafiya. Na jira, na ji shiru, na gode da albarkar da ka sa.

Kawu, na yi! A gidan da muke ɗaukar karatu aka tara mu. Baturiyar doguwa ce, fuskarta duk ta yi ja don rana, Hausarta kamar ana taka busasshen kara, amma ana ganewa. Na karanta shafi guda ban yi tuntuɓe ba. Ta tafa, ta ce wa ya koya mini haka. Na ce mijina, malami ne, kuma ana shirin ƙwace masa kwaleji. Malamarmu ta ƙifta mini ido, ta ja bakin zanena, ban kula ta ba. Na faɗi komai, tun daga kamo shi yana yaro har maganar ɗorawa.

Ta daina murmushi. Ta ce, "Mene ne sunan mijinki na gaskiya?" Na ce ba ma faɗar sunan miji. Ta ce in ban faɗa ba ba abin da za ta iya yi. Kawu, a gaban matan Rogo na buɗe baki na faɗa, har sau biyu, don na farko ba ta ji ba. Wata tsohuwa ta yi salati. Baturiyar ta rubuta, ta sake tambaya, "Wato wanda ke koyarwa a makarantar nan ba shi ne mai sunan da ke takarda ba?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce lalle za a bincika. Na dawo gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai dai Malam bai yi murnar da na zata ba. Na bari ya ci abinci sannan na gaya masa, har ina kwaikwayon muryarta. Ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, ya riƙe kwanon bai sha ba. Can ya ce, "Ta rubuta?" Na ce ta rubuta. Ya ajiye ruwan, ya shiga ɗakin surukata, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da safe na ga tana ɗaure ƙorenta a tsumma.

Ɗan Maigari ya daina zuwa koyon sa hannu, wannan ai alama ce mai kyau, ko? Amma jiya da na je rijiya matan suka janye gugansu suka bar mini wurin ni kaɗai. Na ɗauka kunya suke ji. Ka gaya mini yaushe amsa ke zuwa daga Kano, don in fara wanke wa Malam kayan tafiya.

'Yarka,
Barira


Karaye
Nuwamba, 1955

Zuwa ga Barira.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Na karanta takardarki na rasa inda zan sa kaina. Ban yi shiru ba, 'yata. Na rubuto miki cewa kada ki faɗa. Ki bincika inda takardar ta maƙale.

Amsar Kano ta riga takardarki isowa. An dakatar da gurbin. An dakatar da mijinki daga koyarwa har a gama bincike. Wani babban malami zai zo daga ofishin ilmi, za a zauna a gaban hakimi ran Litinin ta sama, an kira Tsoho, an kira Maigari Audu. Dattijon da ya yi mini alkawari ya ce magana ta fi ƙarfin zaure yanzu.

Maigari ya zo gidana da kansa, ya zauna a tabarmar da yara ke zama. Ga abin da ya kawo. Ya ce ya haƙura da kwaleji. Ya ce Tsoho ya tsaya a gaban hakimi ya ce shi ne Gwadabe ɗan Audu na cikinsa, shi kuma Maigari ya tabbatar. Shi Maigari zai tura ɗansa kudu fatauci har a manta. Ke kuma a ce yarinya ce da littattafan labari suka juya wa kai, ta ƙago abin da ba a yi ba. In aka yi haka shi ya tsira da rawaninsa, mijinki ya tafi kwalejinsa, ba mai sake taɓa shi har abada.

Hanya ce, kuma ita kaɗai ta rage. Amma ki sani ba da baki kawai za a karɓa ba, Alƙur'ani za a ɗora masa. Ban ce ya yi ba, ban ce kada ya yi ba. Ki karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ki ƙara, kada ki rage.

Ku riƙa kulle ƙofa. Kada ki sake zuwa rijiya ke kaɗai.

Kawunki,
Lukumanu


Tudun Baraka
Disamba, 1955

Zuwa ga Kawu.

Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Muna raye.

Takardarka ta hani ta iso bayan komai ya wuce. A zauren Maigari ɗan aiken ya bar ta, kamar yadda ake barin duk saƙon da ya shigo garin nan. Can ta kwanta a ƙarƙashin buzu, ba wanda ya ga dalilin miƙo wa mace takarda. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Na karanta wa Malam taka ta ƙarshe yadda ka ce. Kafin ranar zaman, matan gidan Maigari suka yi ta sintiri a gidanmu da akussan tuwo, suna kirana surukarsu, suna yi wa surukata sannu da jiki. Ni kuwa na durƙusa a gaban Malam na ce ya ce ƙarya na yi. Na ce ya ce mahaukaciya ce ni, zan maimaita a tsakiyar kasuwar Rogo in ana so. Ya ce, "Ke ba ki da wuyar ƙaryatawa, Barira. Amma in ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ce Sulle bai haife ni ba, matar Sulle tana zaune a ɗakin can?" Ranar zaman ya je ya yi wa surukata sallama. Addu'a kawai ta yi masa.

Kai kana wurin, ka fi ni sanin yadda aka yi. Ni da ya dawo na tare shi a ƙofa na ce yaya. Ya ce, "An tambaye ni sunana da sunan ubana, na faɗa." Na ce wanne. Ya ce, "Uba nawa gare ni?"

Sauran ka sani. An soke gurbin, an karɓe takardunsa, an sallame shi daga aiki. An cire wa Maigari rawani. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda garin ya koma. Ba mai amsa sallamarmu. An shiga gonar surukata an sassare dawar tun ba a girbe ba, ba a ɗauki ko zangarniya ba, a ƙasa aka bar ta. Ɗan Maigari kullum da yamma yana zaune gindin bishiyar da ke kallon ƙofarmu, yana feƙe kara da wuƙa. Limamin gari ya aiko a asirce cewa kada kasuwa ta sake ci muna nan. Gobe in Allah ya kai mu za mu kama hanyar Kurugu wajen dangin babana, mu uku da jaki ɗaya.

Malam bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Har yanzu da safe yakan yi wanka ya sa farar rigarsa ta zuwa makaranta, sai ya kai zaure ya tuna, ya zauna.

Kawu, tambaya ɗaya gare ni, ka amsa mini ita duka, kada ka bar rabi. Takardu aka karɓe, abin da ke cikin kansa yana nan. In mutum mai gemu ya zo ajinka na ɗaya, ya zauna a ƙasa cikin yara, ya ce sunansa Tsoho Sulle, akwai dokar da ta hana ka rubuta shi? In babu, shekara nawa zai yi kafin a sake barinsa ya zauna waccan jarrabawa?

Bai san na tambaye ka ba. Ka aiko amsa Kurugu, a hannun Goggo Khadijatu, ta sa mini a hannuna. Wannan karon ba zan motsa ba sai ta zo, ko da za ta shekara a hanya.

'Yarka,
Barira